Rumfar Turare a Sabon Titi

Ranar da kumandan ya buɗe sabon titin kasuwar Filinge, rumfuna a jere, ga dashen dogon yaro, na fara ganinta ɗauke da ƙwaryar nono. Da yake labaran soyayya sun cika mini kai, sai na kama rumfa na jera turare, don ƙamshi ya tsayar mini da ita.

Ta kuwa tsaya. "Malam mai ƙamshi, akwai kanwa? Shanunmu ba su lasar turare."

Na gyara hula, na ce irina ba ya sayar da kanwa. Ta matsa rumfar gaba.

Bayan shekaru na ji mai kanwar nan ya aure ta, har sun je Makka tare.