Malam Ɗayyabu da Birkin Ƙafa na Injin Isyaku

Ƙarfe bakwai na safe Malam Ɗayyabu yake jingine kekensa a ƙofar shagonsa a Sabon Gari, bayan ya tuƙo shi daga Kausani. Ya yi shara, ya zauna jiran wanda injinsa ya mutu. Shekara talatin da biyu yana gyaran lantarkin injuna a Wudil, na niƙa da na casar shinkafa da na ban-ruwa. Ba shi da fara'a, gaisuwarsa ma gajera ce, abin da mutanen garin nan ba sa yafewa da wuri. Ni maƙwabcinsa ne, littattafai nake sayarwa, kuma sai da na shekara biyar kafin na ga haƙorinsa. Watan jiya ya ajiye aiki, ido ya yi rauni. Aikinsa guda ɗaya zan faɗa.

A layinmu akwai Isyaku, mai injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda yake juya ƙarfe da gudu ana fere shi. Wata Juma'a an sauko daga masallaci, wani manomi daga Ɗankaza ya tare shi da ƙarfen injin ban-ruwa da ya lalace, tumatirinsa na bushewa. Isyaku bai tsaya cire babbar riga ba, a ganinsa aikin minti goma ne. Injin ya cafki hannun rigar. Makunnin kuwa yana jikin akwatin da ke sarrafa gudun injin, can a bango, inda hannu ba ya kaiwa. Kafin manomin ya gano abin da zai danna, yatsu biyu sun tafi.

Hannun ya warke, amma Isyaku ya kasa tsayawa gaban injin. Da ya kunna sai ya kashe, ya fice waje. Ya fara cigiyar mai saye, alhali ba shi da wata sana'ar, ga iyali.

Malam Ɗayyabu ya leƙo, ya daɗe yana kallon bangon nan, sannan ya ce, "Kada ka sayar. Ba ni kwana uku."

Ya kafa dogon ƙarfe a ƙasan injin daga wannan gefe zuwa wancan, yadda duk inda ƙafa ta faɗa za ta same shi. Ya sa ƙaramin makunni a ƙarƙashinsa, ya ja siraran wayoyi biyu zuwa akwatin, wurin da yake karɓar umarni, ba layin babbar wuta ba. Ya haɗa su yadda ko ɓera ya cinye wayar, injin tsayawa zai yi. Ya kuma saita akwatin ya riƙa kama injin nan take, ba ya bar shi yana juyi har ya gaji ba.

Isyaku ya ce, "Malam, ka yi shi kamar keken ɗinki mana, in taka ya tashi."

"A'a. Wata rana za ka taka ba ka sani ba, hannunka na ciki. Ƙafa ta tsayar kawai. Kunnawa da hannu, kana kallo."

Ranar gwaji ya rataya tsohuwar riga a sanda ya miƙa wa injin. Injin ya cafka, Malam ya taka ƙarfen, injin ya tsaya cak. Muka yi kabbara, shi ko murmushi bai yi ba. Ya jawo Isyaku ya sa shi ya kunna ya taka, ya kunna ya taka, har muka gaji muka watse.

Malam Ɗayyabu, kai ne ka gane ba hannun mutumin ne kaɗai ya ji ciwo ba, kuma ba ka tsaya yi masa wa'azin jarumta ba, waya ka ja. Gwani mara surutu. Na daɗe ina ganin ka mai ɗaure fuska ne kawai, yau ina jin kunyar hakan. Mun gode, Allah ya ba idonka lafiya. Masu injuna kuma, a duba inda makunni yake tun yatsu suna goma.

Shekara huɗu ke nan Isyaku na kan aikinsa. Na tambaye shi sau nawa ƙarfen nan ya cece shi. Ya ce, "Ko sau ɗaya. Amma kullum da safe sai na kunna na taka, na ji ya tsaya. Daga nan nake iya fara aiki."