Badaru Mai Kayan Faransa

Duk wanda ya taɓa neman ɗan abin gyaran rediyo ko fitila a Dakoro ya san rumfar Badaru, can ƙarshen kasuwa inda jakuna suke hutawa. Shi dai bai yarda a ce rumfa ba. Butik yake cewa, kuma in ka ce rumfa sai ya yi kamar bai ji sallamarka ba.

Ɗan manoma ne daga wajen Mai Yara. Tun yana saurayi aka gane shi da hauya ba su ga maciji. In an fita gona shi ne mai ciwon baya, in an ajiye tuwo bayan ya warke. Ya tafi Maradi ya yi ƴan shekaru a gindin wani mai gyaran talabijin, yana miƙa waya da dalma, yana dafa shayi. Gyaran bai zauna masa ba. Abin da ya kwaso sunaye ne kawai: diyod, rezistans, taranzisto. Da su ya dawo gida, yana furta su ta hanci kamar wanda aka yanke wa cibi a ƙasar Turawa.

Kayansa cikin gwangwanayen tumatir yake zuba su. In ka zo neman abu, ba zai ba ka nan take ba. Sai ya dube ka sama da ƙasa, ya shige ciki ya daɗe yana kwaramniya, sannan ya fito da wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a tafin hannu.

"Wanga na Faransa ne," in ji shi. "Wani abokina injiniya ke aiko mani su."

Kuɗin da zai yanka maka kuwa, da su sai ka ci balangu ka kora da fura. Injiniyan nan ba wanda ya taɓa ganin ko hotonsa, kuma sunansa ma yakan canza da damina.

Da manyan salula suka cika gari, samari masu son haɗe-haɗe suka fara kawo masa hotunan irin kayansa a kasuwannin intanet, cike da leda a kuɗin da yake sayar da ƙwaya biyu. Nan Badaru yake tashi tsaye.

"Kayan iska! Kun taɓa ganin an sayi akuya a hoto? Ku ɗauki kuɗinku ku ba wanda ba ku san ubanshi ba?"

Daga nan sai ya kawo labarin wani mutumin Rumbu da batirin intanet ya ƙone wa ɗaki ƙurmus. Wata rana mutumin na Rumbu ne, wata rana na Kornaka. Samarin dai ba su da yadda za su yi, don gaskiya ba su da katin banki, ba su kuma san yadda kaya za su gane ƙofar gidan da ba shi da lamba ba. Sai su biya, suna ƙunƙuni.

Cikin masu biyan akwai Rhissa, dattijo ɗan Azagor wanda fari ya cinye wa dabbobi, ya shigo gari yana gadin wani sito. Rhissa bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ɗora masa son wayoyi. Yakan tsinci fasasshen panno na hasken rana da tsohon batir, ya zauna a inuwa yana liƙe-liƙe har fitila ta kama, ya aika wa ƴan'uwansa a daji kyauta. Rabin abin da yake samu a gwangwanayen Badaru yake ƙarewa. A gabansa Badaru "babban aminina" yake ce masa. In ya juya baya kuwa, sai ya ce wa na kusa, "Raƙumi ya ƙare, an koma kiwon waya."

Wata shekara Rhissa ya ƙudura haɗa akwatin da zai riƙa cika wa mutanen zangonsu salula, su huta da doguwar tafiya neman kuran, wato wutar lantarki. Ya jera wa Badaru abin da yake buƙata. Farashin da ya ji ya sa ya gyara rawani ya tafi. Ya kira ƴar ƙanwarsa Raudatu, ungozoma a Yamai, ya gaya mata. Ta ce akwai wani a can mai yi wa mutane sayayya ta intanet, in kaya sun iso a sa su mota.

Don tsabar kirki, Rhissa ya je ya sanar da Badaru, kada ya ji a bakin wani. Badaru ya tara mutane yana ƙyaƙyata dariya.

"Ku zo ku ji! Aminina ya aika kuɗi sama. Ranar da kwalin yashi ya iso, ka kira ni in taya ka tankaɗe."

Kayan sun daɗe, har Rhissa ya fara jin kunyar bi ta ƙarshen kasuwa. Sai ga kira wata ranar kasuwa da hantsi, ya je tasha. Zakiru mai sauke kaya yana bisa rufin mota, ya jefo masa ɗan ƙunshi naɗe da salatif rawaya. Rhissa yana cikin jujjuya shi, igiya ta kufce wa Zakiru, wani ƙaton kwali ya faɗo ya fashe. Ledoji suka watse cikin yashi, ƙananan kayan lantarki dubbai, da rubutun ƙasar Sin a jikinsu. Salatif ɗin kwalin irin na ƙunshin Rhissa ne sak.

"A kira Badaru!" Zakiru ya kwaɗa kira daga sama. "Kayanshi sun zube. Shekara da shekaru yana amsar irin kwalin ga, ce mani yake maganin sauro ne."

Kafin Badaru ya iso da gudu, takalmi ɗaya a hannu, tasha ta cika. Ya tarar da Rhissa a tsugune yana tsince masa kayan ɗaya bayan ɗaya, yana hure yashi. Rhissa ya miƙa masa leda, ya ce a hankali, "Malam Badaru, ashe injiniyan naka ya yi ƙaura zuwa Sin?"

Har direban motar sai da ya riƙe ciki don dariya. Badaru ya share gumi, ya ce ai Faransa ce take ba Sin kwangila, jahili ne kawai bai san haka ba. Dariyar ce ta raka shi har bakin hanya.

Mun zaci kunya za ta kore shi daga garin. Ashe ba mu san Badaru ba. Ya rufe rumfa ƴan kwanaki, wai zazzaɓi, ko da yake matarsa Dela ta faɗa a gidan suna cewa mai zazzaɓin akushi biyu yake tashi da shi. Ranar da ya buɗe, sai ga shi zaune bisa kujera da sabuwar salula, yana shelar cewa duk mai son kayan intanet ya zo ya yi masa oda, ya ba da la'ada. Yanzu masu shaguna na Maradi yake zagi, wai masu shan jinin talaka. In ka zauna kaɗan, zai gaya maka shi ya fara kawo wannan ci gaba Dakoro, ya ɓoye ne don mutane ba su waye ba tukuna.

Abin haushin, mutane sun koma. In diyod ɗinka ta ƙone yau, ba za ka jira jirgi daga Sin ba, kuma babu wata rumfar. Farashin dai ya sauko, don kowa ya ga ledojin da idonsa.

Rhissa ya haɗa akwatinsa, ya kai Azagor da kansa, yana aiki har yau. Badaru kuwa yana gaya wa baƙi cewa shi ya koya masa. Bana an ce yana neman shugabancin ƴan kasuwar layinsu, kuma Dela ta ce ya riga ya kai wa tela shaddar da zai sa ranar naɗi.