Mariƙan Wandon Emmet

Halvor Brekke baduku ne, kayan dawaki yake ɗinkawa a wani ɗan shago bayan tashar jirgin ƙasa, a wani gari mai jami'a. Shekara talatin yana sana'ar, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: ɗinkinsa ba ya warwarewa. Manoma kan ce fatar ce za ta gaji ta bar zaren Brekke a tsaye.

A kakar 1903 'yan ƙwallon jami'a suka fara zuwa wurinsa. Wasan lokacin na ƙarfi ne zalla, a rungumi ƙwallo a kutsa cikin mutane, kai ba hula sai sumar da kowa ya tara don ta rage masa zafin karo. Kyaftin ɗinsu, Rufus Colfax, shi ya zo da dabarar. A ɗinka wa wanda ya fi kowa rashin nauyi mariƙai biyu na fata a ƙugun wando. In hanya ta toshe, ƙarti biyu su kama, su wurga shi ta saman kawunan abokan karawa, shi da ƙwallon.

Wanda aka zaɓa shi ne Emmet Sayre, ɗalibin lauya, ɗan shekara ashirin. Ranar awo ya haye bencin shagon, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, yana ta buga dunduniya a jikin katako, ƙwas, ƙwas, kamar agogo.

"Baba, ka ɗinka da kyau fa," in ji shi. "Tsuntsu ne zai sa wandon nan."

"Tsuntsu ko ɗan tsako?"

Emmet ya yi dariya har da riƙe ciki. Halvor ya zaɓi kirgin da ya fi kauri, ya murza zare da kakin zuma, ya bi kowane mariƙi layi uku. Ya ji daɗin aikin, wannan bai taɓa musawa ba.

Wasa biyar aka yi, biyar aka ci. Garin ya haukace. Halvor da bai san kan wasan ba ya koma rufe shago ranar Asabar, ya tsaya bakin igiyar da ta zagaye fili, in Emmet ya tashi sama ya zunguri na kusa da shi ya ce ɗinkinsa ne.

A wasa na shida an jefa Emmet, ya sauka a tsakiyar mutane, ƙwallo na hannunsa. Nasa suka kama mariƙi ɗaya suna jan sa gaba, na can suka kama ɗayan suna ja baya, sauran suka haye kansa. Da ɗinkin na wani ne, da ya tsinke ya sake shi. Da aka ɗaga mutane ɗaya bayan ɗaya, na ƙasan bai tashi ba. Ranar Litinin ya cika.

Ranar Alhamis Colfax ya shigo shagon da ƙunshi a hammata. Wandon ne, an wanke, mariƙan ko gezau. Ya ce saura wasa ɗaya, na ranar bikin shekara da ake kira ranar Godiya, da jami'ar da suka fi tsana, kuma don Emmet za su buga shi. An sami wani, Linus Pardee, mai karatun haɗa magani. Ya fi marigayin ƙugu kaɗan, sai a cire mariƙan a mayar a sabon wando.

Halvor ya ce ba zai yi ba.

"To sai mu kai wa mai gyaran takalma," in ji Colfax. "Shi ma ya iya zare. Da kai da ba kai, Linus zai tashi sama, Mista Brekke."

Halvor ya miƙa hannu ya karɓi ƙunshin.

Tun ranar ya fara jin bugun. Da tsakar rana, ƙofa a buɗe, keken doki na wucewa, sai ƙwas, ƙwas, daga bencin da babu kowa a kai. Ya gaya wa matarsa Gudrun, ta ce katako ne ke kukan sanyi. Bai sake yi mata zancen ba. Kwandon ɗinkinta ya buɗe ya ɗauki farin zaren da take kama riga da shi kafin ta bi da keke.

Kwana huɗu yana gwaji a bayan shago. Ya cika buhu da hatsin dawaki daidai nauyin Linus, ya ɗinka masa mariƙai, ya fizga. In zaren ya yi ƙarfi, sai buhu ya bar ƙasa kafin ya tsinke, wannan kuma karya wuya ne. So yake ya tsinke a fizgar farko. Da ya gano adadin ɗinkin da zai tsinke a fizgar farko, ya shafa wa zaren kaki da baƙi har ya yi kama da nasa na kullum. Sai da safiyar wasa ya kai wandon, ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ana dab da tashi, kowa bai ci ba, saura taku uku su kai layin ci. Colfax ya kira lambar da ke nufin a jefa Linus. Ƙarti biyu suka kama, suka fizga, suka faɗi ta baya kowa da guntun fata a hannu. Linus ya zauna daɓas a cikin laka, rungume da ƙwallo, aka danne shi. Ya tashi yana tofar da ƙasa. 'Yan can ɓangaren suka yi ta dariya har aka busa tashi.

Washegari Linus ya zo shagon, ya jefa guntayen a kan tebur.

"Ka tsufa, tsoho. Ka mai da ni abin dariya a gaban mutum dubu uku."

"Haka ne," in ji Halvor. "Zaren ne bai yi kyau ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan. Sunan ya bi shi, Brekke mai ruɓaɓɓen zare, manoma da yawa suka koma kai linzaminsu wani gari. Bayan 'yan shekaru aka hana jifar mutum a wasan gaba ɗaya, ba wanda ya tuna ya zo ya gaya masa.

Linus ya gama karatu ya buɗe kantin magani a titin da shagon Halvor yake, ya yi aure, ya yi teɓa. Hanyarsa ta bi ta gaban shagon ce, kuma shekara goma sha tara bai taɓa gaishe da Halvor ba. Kowace safiya ƙarfe takwas saura, tsohon kan ajiye basilla ya fito bakin ƙofa, ya bi shi da kallo yana tafe da ƙafafunsa biyu har ya sha kwana. Sannan ya koma ciki, inda bencin ke jiransa. Gudrun ta sha cewa a fasa shi a sa a murhu. Ya ce a bar shi, akwai mai zama.