Inda Kalilu Yake Shigowa

Hajiya Ɗelu ta zo Kuala Lumpur ne don ta yi wa autarta Bilqis wankan jego. Akwati ɗaya ta riƙo, rabinsa kanwa ne da garin kunu da yajin jego, da niyyar in an yi arba'in ta koma. Kafin arba'in ɗin ta cika korona ta rufe filin jirgi, aka ce kowa ya zauna a gida. Ana shirin ɗaukar azumi aka bugo waya daga Kano: mijinta Malam Kalilu ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Aka kai shi makwancinsa tana tsaye a tagar wani dogon bene a unguwar Sri Petaling, tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa babu kowa a ciki.

Nan ta shiga takaba, a ɗan ɗakin da aka gyara wa jariri. Babu tabarmar zaman makoki, babu maƙwabta. Matan ɗalibai 'yan gida da ke unguwar Bukit Jalil sukan aiko da tuwo a roba, a ajiye bakin ƙofa, a yi gaisuwa ta waya.

Ta ɗauki rashin da dauriya. Abin da ya firgita ta daban ne. Wata safiya tana shafa wa jikanta mai, ta nemi muryar Kalilu a cikin kanta, ba ta same ta ba. Fuskarsa na nan, da tafiyarsa, da yadda yake karkata hula. Muryar ce ta ɓace. Shi kuwa mutumin nan, murya ita ce duk dukiyarsa.

A wani gidan rediyo suka haɗu, zamanin da faifai ke da gaba da baya. Shi ke gabatar da shirin kiɗan Turawa da yamma, ita ke zaune bayan gilashi tana ɗora faifai tana sa allura. In lokacin maganarsa ya yi, takan ɗaga hannu ta sauke, shi kuma ya buɗe baki. Lokacin wani sabon salo ya shigo, kiɗa mai sanyi kamar na inji, ganga na tafiya ba gargada. Cikin masu yinsa akwai wata Baturiya mai gajeren gashi da ke rubuta waƙoƙinta da kanta. Faifanta ɗaya tak ya iso gidan, kuma ya iso da ƙarzuwa a gaba, allura na zuwa wurin sai ta yi ta tsalle. Ɗelu ta juya shi ta sa bayan. Waƙar bayan tana da dogon kiɗa kafin mawaƙiyar ta fara, fili ne fetal, Kalilu ya ga wurin zama ya zauna. Da ita ya riƙa buɗe shirinsa har ya yi ritaya.

Kaset-kaset ɗin shirin duk an bi ta kansu da wasu shirye-shirye, don kaset tsada gare shi a lokacin. Da waya ta zo kuma, ya ƙi aika saƙon murya ko sau ɗaya. Ya ce ya gama yi wa inji magana, mai son jin sa ya kira shi.

Rannan bayan la'asar ta ce, "Auta, nemo mini waƙar Baturiyar nan ta shirin babanku."

Bilqis ta dube ta. "Mama, takaba fa kike."

"Na ce miki rawa zan taka?"

Bilqis ta lalubo a waya ta kunna. Ko numfashi ba a yi ba mawaƙiyar ta faɗo da ƙarfinta.

"Ba ita ba ce."

"Ita ce, Mama, ga hotonta. Wannan ce duk duniya ta sani."

"Duniya ta sani. Mu a Kano ba ita muka sani ba. Wannan ina mutum zai sa baki a cikinta?"

Suka bi shahararrun waƙoƙin matar ɗaya bayan ɗaya, babu. Ɗelu ba ta riƙe sunan waƙar ba, don tambarin gidan rediyon a kansa aka manna. Ta ce a bari. Ta juya fuska bango.

Surukinta Hambali, mai karatun digiri na uku, ya dawo daga mamak, gidan abincin unguwar, da ledar roti, irin gurasar garin, takunkumi a haɓa. Tun zuwanta suke kauce wa juna a gidan da ba shi da wurin kaucewa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, ya yi magana da matarsa kamar surukar ba ta ji.

"Ki tambayi Mama, a gaban faifan take ko a baya?"

Ɗelu ta amsa wa bango. "Ki ce masa a baya. Gaban ya ƙarzu tun a hanya."

"To ai shi ya sa. Irin waɗannan ba sa shiga manyan kundaye. Amma wani lokaci akan tattara su wuri guda, na baya da waɗanda aka ajiye ba a fitar ba. Bari in duba."

"Boleh?" in ji Bilqis da yaren garin, wato zai yiwu?

"Boleh lah. Ke dai riƙe roti ɗin nan kafin ya huce."

Ya samo kundin. Ya miƙa wayar ta hannun matarsa, ya koma falo.

Ɗelu ta tashi zaune ta gyara mayafi. Waƙoƙi ne na saura, irin abin da tela ke tarawa a ƙarƙashin keke. Wata an ɗauke ta a ɗaki, har tarin mawaƙiyar ana ji. Wata ta tsaya a tsakiya, matar ta yi dariya ta sake. Wata muryarta ta gaza kai inda ta nufa, aka bar ta haka. Ɗelu ta ji ta fi son matar a nan fiye da inda aka wanke ta aka goge. Ta ce a ranta, ashe ita ma tana da abin da ta ɓoye a ƙasan akwati.

Can wajen ƙarshe gangar ta fara. Ɗelu ta dafe gado.

Kiɗan ya shimfiɗu, dogo, babu kowa a cikinsa. Ta kasa kunne da dukkan ƙarfinta, ta matsa, ta roƙa. Filin ya wuce fayau. Baturiyar ta shigo.

"Ita ce?" Bilqis ta tambaya a hankali.

"Ita ce. Shi ne bai zo ba."

Jaririn ya motsa a cinyar uwarsa. Sunan kakan aka mayar masa, shi ya sa ake ce masa Rayyan. Ɗelu ta dube shi ta ce, "Kai ma maigida ka yi mini shiru?" Sannan ta ce, "Mayar da ita farko."

Wannan karon ba ta matsa ba. Ta zauna yadda take zama bayan gilashi, baya a miƙe, tana bin gangar da yatsa. Da aka zo wurin, hannunta ya ɗaga da kansa. Ya sauka.

Sai ga shi, da ɗan kaurin nan da jan wasali na mutanen Fagge, kusa da kunnenta: jama'a barkanmu da yamma, wanda ke gida ya huta, wanda ke kan hanya Allah ya kai shi gida lafiya.

"Amin," in ji Ɗelu.

Bilqis ta buɗe baki za ta yi tambaya. Uwar ta ɗaga mata tafi, irin yadda ake tsayar da mai shigowa ɗakin shiri in jar fitila na kunne. Sai da mawaƙiyar ta fara sannan ta sauke hannun, ta share ido da bakin mayafi.

"Kashe, ya gama," ta ce. "Ki ce wa mijinki Allah ya yi masa albarka. Gobe da yamma ki sake kawo mini."