Ɗakin da Harmen Ya Cire wa Taya

Harmen Veenstra bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Tun muna 'yan firamare a ƙauyenmu na Friesland malama ke tambayarsa ko akwai ƙusa a kujerarsa. Da ya girma ya samu aikin da ya dace da shi, tuƙin tankar madara daga wannan gona zuwa waccan, ya shafe shekara talatin da 'yan kai yana yi. Da ya yi ritaya sai ya rasa inda zai sa kansa. Matarsa Hiltje ta gaya mini a makon farko ya gyara duk ƙofofin gidan, har waɗanda lafiyarsu lau.

Abu ɗaya ke ɗan sanyaya masa rai, wato ɗakinsu na tafi-da-gidanka, irin wanda ake maƙalawa a bayan mota a ja. Ba sabo ba ne. Fari ne mai ratsin kore, da gado da murhun gas da labulen da Hiltje ta ɗinka da hannunta. Duk lokacin zafi sai su ja shi zuwa bakin teku a Denmark. Idan sanyi ya shigo kuma ya kai shi ajiya wajen Jelle, manomin da ya sayar da shanunsa ya mai da garken sito. Nawa ɗakin ma can yake kwana, da na wasu mutanen ƙauyen, a jere kamar yadda shanun suke tsayawa a da.

A farkon sanyin wata shekara aka sace wani ɗaki a siton ƙauyen da ke gaba da mu. Da rana tsaka aka yi. Wasu mutum biyu sanye da rigar ma'aikata suka shigo da mota, suka gai da matar mai siton, suka maƙala ɗakin suka yi gaba. Har hannu ta ɗaga musu.

Harmen ya tsallako shingen da ke tsakaninmu ina cikin sharar ganye.

"Maƙwabci, ka ji?"

"Na ji."

"Ka ji, kuma kana shara? Gobe namu ne fa."

"Wa zai saci naka, Harmen? Ya kusa kai shekarun 'yarka."

"Irinsa suke so. Ba mai nemansa."

Washegari ya sayi kwaɗo ya kulle wuyan ƙarfen da ake maƙalawa a mota. Bayan kwana kaɗan ya ƙara ankwa a taya. Sai ya ga a waya yadda ake ɓalle ankwa, ranar bai ci abincin rana ba. Ya ari tsani ya hau rufin ɗakin ya rubuta lambar unguwarmu da baƙin fenti, manya-manya, wai don 'yan sanda su gane shi daga sama. Ya ɓoye wata 'yar na'ura a ƙarƙashin gado, mai nuna masa a waya inda ɗakin yake. Duk da haka kullum da safe sai ya hau keke ya je ya gani da idonsa, ko ruwa ake ko iska.

Ranar da jikarsa ta cika shekara ana zaune ana cin kek, Harmen ya zaro waya a ƙarƙashin tebur. Sai ya miƙe zumbur, kofin kofi ya kife.

"Yana cikin ruwa!"

"Wa?" in ji Hiltje, ta riga ta fara ƙirga jikoki da ido.

"Ɗakin! Ga shi nan a tsakiyar magudana!"

Ni na kai shi a mota. Muka tarar da ɗakin a inda yake, ko motsi bai yi ba. Na'urar ce ta yi ɗan kuskure. Da muka dawo Hiltje ta ajiye masa sauran kek ɗinsa ta ce, "Ya iya iyo, ko ka tsamo shi?" Ya ci a tsaye.

Daga nan ne ya je wa Jelle da sabuwar dabara. Siton ƙofa ɗaya gare shi babba, sai wata ƙarama ta mutane a gefe. Harmen ya ce a ba shi wurin da ke bakin babbar ƙofar. Zai cire tayoyin ɗakinsa ya ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, ya dasa zobe a siminti ya ɗaure shi da sarƙa. Muddin nasa bai motsa ba, babu ɗakin da zai fita.

Jelle ya sosa ƙeya. "In wani ya so nasa kafin zafi fa?"

"Ya kira ni. Ina nake zuwa?"

Duk muka yarda, har da jin daɗi. Harmen ya kwashe tayoyin ya kai garejin gidansa ya rufe da bargo. Na zaci yanzu zai huta. Ina! Sai ya koma tunanin masu zuwa da nasu tayoyin.

A watan Fabrairu aka yi wata iska da har yau ake maganarta. Tun safe take kaɗawa daga teku, wajen sha biyun rana Jelle ya kira ni, da kyar nake jin muryarsa. Ya ce kwanon rufin siton ya fara ɗagawa ta baya, wani ginshiƙi ya tsage, duk mai ɗaki ya zo a fitar da su kafin rufin ya zauna. Na fito na tarar da Harmen yana cusa tayoyi a bayan motarsa, bai ko saka rigar sanyi ba. Hiltje ta biyo shi da ita a hannu ta shiga motar.

Da muka isa mutane sun taru a bakin ƙofa da motocinsu, kowa na kallon ɗakin Harmen. Can ciki kwano na bugawa kamar ana dukan ganga. Muka durƙusa ni da shi muka mayar da tayoyin, yatsunmu sun ƙage da sanyi, noti na suɓucewa. Ya buɗe kwaɗon wuya. Sai saura sarƙa.

Makullin ya shiga, ya ƙi juyawa. Danshin sito ya ci kwaɗon. Harmen ya murɗa, ya hura, ya sake murɗawa.

Wata mata mai suna Renske, ma'aikaciyar jinya ce mai 'ya'ya biyu, nata ɗakin ne a can ƙurya. Ta ce, "Malam Veenstra, don Allah. Nawa ne a ƙarƙashin ginshiƙin."

"Yanzu, yanzu."

Makullin ya karye a ciki.

Jelle ya ruga ya dawo da injin yankan ƙarfe. Harmen ya karɓa ya ce shi zai yanka. Tartsatsi ya tashi, kafin in gama gyara tsayuwa sarƙar ta faɗi gida biyu. Na ga ya tsaya yana kallonta, baki buɗe. Hiltje ce ta daka masa tsawa. "Harmen! Tura!"

Muka tura ɗakin nasa waje da hannu. Daga nan sai aiki ya kankama, a jawo ɗaki, a maƙala a mota, a kai bayan gidan Jelle inda iska ba ta kai sosai. Harmen ne a gaba, don duk cikinmu babu wanda ya kai shi iya ja da baya. Saura ɗaki biyu rufin baya ya sauko. Ba kowa a ƙarƙashi, Jelle ya riga ya kore mu. Ɗayan ɗakin ya tsira da ƙwarzane. Na Renske kuwa kwano ya tsaga rufinsa, taga ta fashe, ruwa ya jiƙa katifu.

Babu wanda ya ɗora wa Harmen laifi. Renske ma cewa ta yi iska ce, kuma ita ma ta yarda da dabarar tun farko. Bai saurare ta ba. Ya ja ɗakinta zuwa ƙofar garejinsa. Inshora ta biya kayan, shi ya yi aikin. Har furanni suka fito ina jin ƙarar gudumarsa. Ya sauya rufin, ya sa taga, ya shanya katifu, Hiltje ta ɗinka sabon labule. Ranar da Renske ta zo ɗauka ta tarar ya saka mata kwaɗo a wuyan ƙarfen, kyauta, ya shafe shi da mai har yana ɗiga.

Da yamma na same shi zaune a kan bokiti da guntun sarƙar a hannu.

"Ka ga yadda ta yanku, maƙwabci? Kamar tsiran alade."

"Da ba ta yanku ba fa?"

"Na sani. Na sani." Ya juya ta. "Amma ka ga yadda ta yanku?"

A zafin shekarar sun je Denmark kamar kullum. Hiltje ta ce kwanakin farko ya ƙi barin sansanin da suka ajiye ɗakin, ita kaɗai take zuwa bakin ruwa. Daga baya ya fara binta, amma ba ya kaiwa inda rufin ɗakin zai ɓace masa.

Jelle ya sake rufin siton, ya fasa ƙofa ta biyu a baya. Harmen ya karɓi wuri a tsakiya, tayoyinsa a jiki. Sai dai ƙofa biyun nan sun hana shi sakat, ya ce yanzu ɓarawo zaɓi gare shi. Ya kira taron masu ɗakuna a kicin ɗinsa don a raba ranakun leƙa siton. Hiltje ta dafa kofi tulu guda ta yanka burodin zaƙi. Ni da Renske kaɗai muka zo. Ya ba ni Talata, ya ba ta Asabar, ya riƙe sauran. Ranar Talatar farko da na je, na tarar da kekensa a jingine a jikin bango.