Tsuntsayen Yaya Isa

A ƙauyenmu, kudu da Hasahisa a Sudan, ƙasa baƙar laka ce. Sai ka yini kana yawo a gonar auduga ba ka taka tsakuwa ɗaya ba.

Ina da shekara tara lokacin da wana, Yaya Isa, ya sami aiki a madatsar ruwa ta Makwar. Ya bar mini ƙananan tsuntsayen nan baiwar Allah guda biyu, mace da namiji, a kejin da ya saƙa da sillen kara. Ya ce, "Ki riƙe mini su har in dawo da Sallah."

Na riƙe su yadda aka koya mini riƙon abincin mutane. Geronsu sai na sheƙe, na tsince, na rege a ƙwarya har ba sauran ƙasa. Kejin kuwa sau biyu nake share shi a rana. Bayan wata biyu macen ta yi ƙwai mai taushi kamar fata, ta kumbura gashinta, ta daina hawa sanda.

Ran nan bayan magariba muka zagaye murhu kamar kullum. Kakarmu, Inna Ige, tana juya shayi. Ta dubi kejin da na ajiye a gefena, ta daɗe.

"Ƙawata, mi kike ba su?"

"Gero, Inna. Wankakke."

"Wankakke," in ji ta. Ta gyara zama. "To, ga wata tatsuniya nan ta zo, ku buɗe kunne."

Wai a farkon zamani wata tsohuwa ce mai rabon haƙora. Kura ta yi sammako ta kwashi manya, jaki ya ɗebi nasa, ɓera ya sami biyu. Tsuntsaye suka tsaya wanka, ko da suka iso buhu ya ƙare. Tsohuwa ta ce su tsinci tsakuwa su haɗiye, ta zame musu haƙora a ƙundu. Kaza ta haɗiya, kurciya ta haɗiya. Baiwar Allah ta zo ƙarshe, maƙogwaronta bai wuce tsinke ba. Tsohuwa ta wasa mata baki don ta riƙa ɓare tsaba, ta ce, "Ke ba ki buƙatar dutse. Amma kada ki raba kanki da ƙasa. Ɗan rairayi, ɗan ɓawon ƙwai, musamman in za ki yi naki."

Ƙanena ya ce, "Inna, ke ma wanka kika tsaya?"

Ta buɗe bakinta da ba haƙori ko ɗaya, ta yi dariya. "Ɗan nema! Nawa kakanka ya ara, bai maido ba."

Da safe ta gasa ɓawon ƙwai a kan garwashi, ta daka. Ta kwance ƙullin rairayin bakin kogi da take taimama da shi in ciwon ƙafa ya hana ta taɓa ruwa, ta ɗebo rabi ta haɗa. Namijin ya sauko ya yi ta tsattsaga. Macen ko kallo ba ta yi ba. Kwana biyu ta mutu.

Da Yaya Isa ya dawo, Inna ta riga ni magana. "Macen makara ta yi tun ranar rabo," in ji ta. Ya karɓi kejin da tsuntsu ɗaya, bai tambaye ni komai ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar kiwon tsuntsu ce kawai. Yanzu na san tun kallon farko Inna ta gane macen ba za ta tashi ba, kuma ta gane hannun wa ya jawo. Ta koya mini abin da zan gyara, laifin kuma ta ɗora wa tsuntsuwa.

Bara ɗana ya rasu a asibiti a garin Madani, bayan na yi wata huɗu ina jinyarsa. Tun daga nan nake bin abin da na ba shi da abin da na hana shi, ɗaya bayan ɗaya. Masu ta'aziyya sun ce in yi haƙuri, kuma ina yi. Amma a gidan nan yanzu ni ce tsohuwa, babu wanda zai zaunar da ni ya ba ni labari.