Tiyon da Kawu Ya Zuƙa

Muna idar da sallar asuba muka bar Haɗeja, ni da kawuna, ranar sha bakwai ga azumi. Ni ke tuƙa mashin, shi yana baya, bayansa kuma jarka mai yankakken baki cike da 'ya'yan tarwaɗa. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya haƙa kududdufi a gonarsa ta fadama, kuma duk abin da ya rage masa yana cikin jarkar nan. Wanda ya sayar mana ya ja kunnenmu: kada rana ta take kifin na hanya, in ruwan ya ɗumama sai dai labari.

Kwalta ta raka mu har muka wuce masu sayar da fetur a kwalba, waɗanda farashinsu ke tashi gwargwadon nisanka da gari. Daga nan muka faɗa burji. Hagu da dama alkama ce ta yi ja tana jiran lauje, injinan ban-ruwa na ta kuka, ciyawar kacala kuma ta cinye rabin kowane rafi. Mun ga kankana jibge a bakin hanya, arha kamar a ce ɗauka kyauta, amma da sassafe cikin azumi wa zai kalle ta?

Mashin ɗin na Kawu ne, na hannu, ɗansa ya aiko masa daga Kano. Wajen ƙarfe tara ya fara shaƙewa. Salansa ta yi baƙin hayaƙi, ya yi tari biyu, ya mutu. Na kwance fulogi na same shi baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Na goge, na buga, ya tashi. Ba mu yi nisa ba ya sake mutuwa. Sau uku muna haka. Kawu ya ce man kwalba ne, na ce ai ba mu sha man kwalba ba. Na leƙa tanki, na ga mai ya yi ƙasa fiye da tafiyar da muka yi.

Muka tura shi ƙarƙashin wata tsamiya. Kawu ya buɗe jarka, kifin duk sun taso sama suna buɗe baki. Ya cire rawaninsa ya jiƙa a rafi ya lulluɓe ta.

Ni ba bakanike ba ne, amma na daɗe da mashin, zargina kuwa ya koma kan famfon mai. Na wannan ba irin na 'yan acaɓa ba ne da kake murɗawa ka buɗe ka rufe. Tiyo biyu gare shi. Babban yana kai mai kafireta. Siririn daga wuyan inji yake zuwa, iska kawai yake ja. In inji ya tashi, sai ya zuƙo wata 'yar roba a cikin famfon, mai ya samu hanya. In robar ta yage, mai sai ya bi siririn ya malale cikin inji ya shaƙe shi. Na zare siririn daga wuyan injin na shinshina. Banza, hannuna duk warin fetur ne. Hanya ɗaya ta rage: a sa baki a zuƙa. In robar lafiya take, tiyon zai kama harshe. In ta yage, fetur zai cika maka baki.

Na bayyana wa Kawu haka, na tsaya riƙe da tiyon ina kallonsa. Na ce, "Kawu, ga shi kuma muna azumi. Ko mu jira wani ya zo wucewa?"

Ya ce, "Wanda zai wuce ɗin ba azumi yake ba?"

Sai kun san Kawu. Tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ko ɗaya ba, har shekarar da aka yi masa aikin ido, kuma duk watan azumi sai ya tuna mana. Ya dubi jarka, ya karɓe tiyon daga hannuna, ya yi bismilla ya zuƙa. Da ƙarfi ya ja, irin na wanda bai taɓa yi ba. Fetur ya zo masa gaba ɗaya. Ya tofar, ya ƙware, ya durƙusa yana tari har hawaye. Da ya samu numfashi na ce, "Kawu, ya wuce?"

Ya ce, "Ya wuce maƙogwaro. Yi aikinka."

Aikin bai kai minti goma ba. Na yanka siririn gida biyu, na lanƙwashe bakin kowane na ɗaure tam da zaren buhu, ɗaya ya toshe wuyan inji, ɗaya ya toshe famfon. Sannan na murɗa famfon zuwa matsayinsa na ko-ta-kwana, inda mai ke sauka kai tsaye ba sai inji ya ja ba. Na sake goge fulogi. Bugu ɗaya ya tashi, hayaƙin ya washe.

Kafin sha ɗaya muna gona. Muka sauke jarkar cikin kududdufi ta huce, sannan Kawu ya karkata ta a hankali. Kifi bakwai ne suka juya ciki sama sun mutu, sauran suka nutse abinsu. Mai gadin gonar ya miƙo masa ruwa ya kurkure baki, ya kurkure ya zubar, ya ƙi haɗiya. Kawu ya ce azumin yau dai ya tafi, zai rama, amma ba zai ci komai ba sai an kira magariba.

Da la'asar muka juyo. A Haɗeja bakanike ya buɗe famfon ya nuna mana robar, yagewar ba ta fi ƙwayar gero ba, ya sa sabuwa. Abin da na koyo a tafiyar nan biyu ne. In mashin na shaƙewa yana baƙin hayaƙi, a duba siririn tiyo kafin a zagi kafireta, kuma a ajiye sirinji a aljihun mashin don kada sai an sa baki. Ɗayan kuma ya fi ci mini rai: ni na san yadda ake zuƙa a hankali a tofar, ni ne matashi, kuma tiyon a hannuna yake. Har yau ina jin kunyar tsayuwar nan.

A gidansa muka sha ruwa. Ya ciji dabino ya ce ɗanɗanon fetur yake. Da jikokinsa suka tambaye shi ko azumi nawa ya taɓa sha, kamar yadda suka saba don su ji ya yi alfahari, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ci gaba da shan kununsa.